Takun Tsohon Dogo

Ranar Litinin da ƙarfe tara da minti goma na safe, jirgin ƙasan da ba ya tsayawa a tasharmu ya tsaya. Ba ma a tasha ba, a fili, kilomita biyu kafin getin da hanyar mota ke ratsa layi. Direba ya hango jar tuta a kafe tsakiyar layi, ya danne birki iya ƙarfinsa, taragu goma sha ɗaya suka yi ta ƙara har suka tsaya cak. Wata mata ta karye a hannu, tafasasshen ruwa ya zubo wa mai shayin tarago na huɗu a ƙafa. Aka sauka aka duba gaba, aka duba baya. Layi lafiyarsa ƙalau, ko ƙusa ɗaya ba ta kwance ba.

Ni ne magatakardan tashar, shekarata ashirin da shida ina cika takardu a wurin. Na san layin nan tun yana siriri, jirgi ɗaya a rana, ya kwashe awa goma sha ɗaya tsakanin birane biyun da ya haɗa. Na ga shekaru tara da ya mutu, ciyawa ta rufe shi, awaki suna kwana a kai. Na ga kuma lokacin da aka tumɓuke tsofaffin katakai aka jera na siminti, aka shimfiɗa sabon ƙarfe. Yanzu jirage goma sha huɗu ke wucewa kullum: na ma'aikata da ke tsayawa ko'ina, masu sauri da ba sa ko kallonmu, da na kaya da tsakar rana. In ɗaya ya tsaya minti arba'in, na bayansa duk sai sun ji a jikinsu. Ranar, waya ba ta huta ba sai la'asar.

Kafin azahar kowa a unguwar ma'aikata ya gama yanke hukunci. Wasu suka ce makiyayin da jirgi ya kashe wa saniya bara ne. Wasu suka ce mai sayen tsohon ƙarfe ne, wai yana son a tsaya yaransa su kwance wani abu. Insfektan 'yan sanda bai wahalar da kansa ba. Ya juya sandar tutar, ya ga lambar getinmu a ƙone a jikinta, ya sa aka kawo mai geti aka zaunar da shi a ɗakin ajiyar kaya.

An tambayi mai geti har an gaji, bai ce uffan ba. Shugaban tasha ya gaya masa gaskiya tsirara: kwamiti na zuwa Laraba a jirgin ƙarfe biyu, in ba a sami wani ba za a kore shi, a karɓe gidan ma'aikata, sannan a miƙa shi kotu. Ya ce, "Na ji, Yallaɓai." Shi ke nan.

Matarsa ce ba ta yarda ba. Ita ta shiga mota da yamma ta ɗauko mai bin sawu.

*

Sannu-Sannu ake ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Tsoho ne siriri, tsohon maharbi, wanda yanzu shanun sata da ɓatattun jakuna ne sana'arsa. Shugaban tasha ya ce in bi shi in rubuta duk abin da ya gani. Ni da gwiwata mai ciwo. Na so in yi gardama, na tuna saura shekara biyu in yi ritaya, na ɗauki littafina.

Gidan mai geti muka fara zuwa, Talata da sassafe. Ɗaki biyu ne da tsakar gida, katangar baya gajera, daga ita sai layi. Matar ta nuna mana igiyar shanya.

"Nan na shanya ta, Malam. Tuta biyu gare shi, ɗaya na geti, ɗaya yakan kawo in wanke. Lahadi da yamma na wanke ta. Litinin da na dawo daga kai yara makaranta, babu ita. Ko yaro zai iya miƙo hannu ta kan katangar nan."

"Su wa ke gidan?"

"Ni da shi da yara uku, sai mahaifina. Shi tsufa ya ci ƙarfinsa, yana ɗakinsa."

Daga ɗakin muka ji tari, muka yi sallama, aka amsa da murya mai kauri. Sannu-Sannu bai shiga ba. Ya tsuguna gindin katanga ya daɗe, ya fita ya zagaya ta baya, ya dawo. Sai ya tsaya kan wasu dogayen takalman roba da ke jingine a bakin ƙofa.

"Na wa ne?"

"Na maigida ne, na damina."

Ya ɗaga ɗaya ya leƙa ƙasansa. Tas, kamar yau aka sayo. "Ke kika wanke?"

Ta ce a'a. Shi kuwa ya ajiye takalmin inda ya ɗauke shi ya ce mu tafi.

*

Inda aka kafa tutar babu abin gani. Fasinja ɗari shida sun sauko sun tattake wurin, sun bar ledoji da ɓawon lemo. Na ce wa Sannu-Sannu a tsakuwar layi ai ko giwa ba ta barin sawu. Ya ce shi ma ya sani. Ya bar layin ya yi ta zagaye, kowane zagaye ya fi na baya faɗi, ni kuma ina biye ina zufa. A zagaye na huɗu ya tsaya bakin wani busasshen rafi da ke ratsa ƙarƙashin layi. Gadar wurin an kewaye ta da waya, dole mai tafiya ya sauko ya bi ta yashi ya sake hawa.

Ga sawu nan, zuwa da dawowa, raɗau. Takalmin roba ne, diddigen hagu da ɗan tsagi.

"To, an gama," na ce. "Na ga tsagin nan ɗazu a bakin ƙofa."

"Takalmin ka gani."

Ya karya karan ciyawa mai ƙwari, ya auna daga diddige zuwa diddige, ya yanke daidai. Ya ɗora a taku na gaba, daidai. Na gaba, daidai. Ya bi taku talatin da ɗaya, gangara da yashi da hawa, karan bai taɓa ragewa ko ƙaruwa da faɗin yatsa ba.

"Magatakarda, taka ka wuce in gani."

Na taka. Ya auna nawa: wani dogo, wani gajere, a hawa kuwa duk sun tsuke.

"Haka mutane ke tafiya," ya ce. "Wannan kuwa wani abu ne ya koya wa ƙafarsa, ya daɗe yana koya mata."

Ya hau layi ya ɗora karan tsakanin falankin siminti biyu. Karan ya fi tazarar da yatsa huɗu. Ya gwada sau uku, ya girgiza kai. Ban san abin da yake nema ba, shi ma a lokacin ina jin bai gama sani ba. Ya cusa karan cikin rigarsa.

*

Makiyayin muka samu ƙarƙashin wata bishiya, nesa da layi. Ya saurare mu yana jingine da sandarsa.

"Saniyata ta mutu, an ce laifina ne, na haƙura. In na tsayar da jirgi za ta tashi ne?"

"Ka ga kowa a layi ran Litinin?"

"Na hango mutum da hantsi bai yi ba, yana tafe yana sunkuyawa, yana tafe yana sunkuyawa. Na ce ma'aikaci ne. Kullum ai ana sunkuyawa a layin nan, ni ban taɓa sanin me ake nema ba."

Mai sayen tsohon ƙarfe ya fi shi surutu. Tun kafin mu zauna ya fara rantsuwa, ya jawo mu bayan shagonsa ya nuna mana tarin gwangwanaye da matattun injina. Ƙarfen jirgi, in ji shi, ko kyauta aka kawo ba ya karɓa, sau ɗaya ya kwana a hannun hukuma ya ishe shi. Sannu-Sannu bai ma saurare shi ba, ƙafafunsa yake kallo. Mutumin ɗingishi yake, tun haɗarin babur. Muka bar shi yana ta rantsuwarsa.

*

Da la'asar Insfekta ya bar mu muka ga mai geti. Yana zaune kan buhu tsakanin akwatuna, mutum mai kimanin arba'in, idonsa ya faɗa.

"Kai ka wanke takalman?" Sannu-Sannu ya tambaye shi.

Ya ɗago da sauri. Karo na farko ke nan da na ga wani abu ya motsa a fuskarsa.

"Ni ne. Ni na kafa tutar kuma. Magatakarda, rubuta."

"Don me ka kafa?"

"Haka kawai. Raina ne ya ɓaci."

"A wane gefen gadar ka sauka rafi, dama ko hagu?"

"Dama."

Hagu ne. Ban rubuta ba, alƙalamina na tsaye a sama. Mai geti ya matso ya rage murya.

"Baba, don girman Allah ka koma gida. Abin da aka yi maka alkawari zan cika. Aikina ne, ni na ga dama in rasa shi."

"Ba kai ka kira ni ba," Sannu-Sannu ya ce, ya miƙe.

Na ji haushin mai geti ƙwarai. Yara uku, gida na hukuma, ga mutum yana ƙoƙarin jefa kansa rami da hannunsa.

Muna fitowa ta bayan tasha, Sannu-Sannu ya tsaya. Akwai wani guntun tsohon layi a wurin, tsawon tarago uku, wanda masu kwangila suka manta ba su tumɓuke ba. Siririn ƙarfe mai tsatsa, katakai baƙaƙe sun tsattsage. Ya zaro karansa ya ɗora tsakanin katako da katako. Ya zauna daram, kamar don wurin aka yanke shi.

"A da, wa ke tafiya kan waɗannan?"

"Masu duba layi. Kowanne da kilomita takwas nasa, ya taka da safe da guduma a kafaɗa, ya dawo da yamma, katako bayan katako. Akwai wanda ya yi shekara talatin da..."

Ban ƙarasa ba. Na san mutum ɗaya tak da ya rage a garin nan cikinsu, kuma da safen nan na ji tarinsa.

*

Mun sami matar mai geti tana kwashe shanya. Sannu-Sannu bai shiga ba, daga ƙofa ya tsaya.

"Baiwar Allah, mijinki bai yi ba. Wannan zan iya nunawa gobe a gaban kowa."

Ta saki ajiyar zuciya har sai da ta dafa bango.

"Amma in na nuna ba shi ba ne, za a tambayi ko wane ne. Ni sawu nake bi, ba na kiran suna. Ina so ki kwana da wannan. In kin ce in tafi gida, da safe zan tafi."

Ta dube shi, ta dubi takalman da ke bakin ƙofa, ta dubi labulen ɗakin mahaifinta. Ta daɗe riƙe da rigar yaro a hannu.

"Ka zo goben," ta ce.

*

Kwamiti ya sauka a jirgin ƙarfe biyu, mutum uku, har da injiniyan layi, saurayi mai tabarau. Aka taru a bayan tasha inda Sannu-Sannu ya sa aka share yashi. Ga makiyayi, ga mai tsohon ƙarfe, ga mai geti tsakanin 'yan sanda biyu, ga rabin unguwa a jikin waya suna leƙe. Matar ta zo a makare, riƙe da hannun mahaifinta. Ya sa tsohuwar rigar kakinsa, an goge ta. Ta zaunar da shi a benci.

Sannu-Sannu ya sa makiyayi da mai tsohon ƙarfe da mai geti kowanne ya saka takalman ya taka yashin. Ya auna a gaban kwamiti, babu wanda takunsa ya zo daidai da karan sau biyu a jere. Ya faɗi abin da ya gani a rafi, taku talatin da ɗaya. Sannan ya je ya ɗora karan kan tsofaffin katakai.

"Wanda ya kafa tuta ya sa takalmin mai geti, amma ƙafarsa ta tsohon layi ce. Iyakar abin da ƙasa ta nuna mini ke nan."

"Na riga na ce ni ne," mai geti ya ce da ƙarfi. "Me kuma ake nema?"

Shugaban kwamiti ya dubi agogonsa. Jirgin ƙarfe huɗu yake son kamawa, ga kuma mutum ya amsa laifi da bakinsa. Na ga ya jawo takarda. Da an bar shi minti ɗaya, da ya sa hannu.

Matar ta tashi. Ba ta kalli mijinta ba. Ta durƙusa gaban benci.

"Baba, ran Litinin da safe, da na kai yara makaranta, ina ka je?"

"Aiki mana, Auta. Ina zan je?"

"Gaya wa Yallaɓai abin da ka gani."

Tsohon ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa, ya tsaya ƙyam gaban shugaban tasha kamar yadda ake tsayawa a da.

"Yallaɓai, na taka daga geti zuwa bayan gada. Babu gaɓa ko ɗaya. Ban san wane ne ya ɗaure layin nan ba, amma bai bar wa ƙarfe wurin miƙewa ba, ko na faɗin farce. Da zafin nan, kafin azahar zai lanƙwashe ya kifar da jirgi. Na kafa tuta yadda doka ta ce. Na jira a zo a tambaye ni, ba wanda ya zo."

A tsohon layi, kowane taku goma sha biyar akwai gaɓa da 'yar rata, ita ke ba jirgi ƙarar nan tasa, kuma mai duba layi da ya ga ratar ta rufe da zafi ya san mutuwa ce ke tafe. Injiniya ya cire tabarau ya yi masa bayani a hankali: sabon ƙarfe walda ake masa ya zama ɗaya, a ja shi a ɗaure tun ranar shimfiɗawa, ba ya buƙatar rata.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, cikin ladabi.

"Yaro, shekararka nawa a layi?"

"Shida, Baba."

"To."

Ya koma ya zauna. Mai geti ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Shi ya dawo cin abinci ran Litinin ya tarar da takalmansa da yashin rafi, surukinsa kuma yana ba shi rahoto.

Kwamiti bai daɗe ba. Ba a kai mai shekara tamanin da ɗaya kotu ba. Mai geti zai koma aiki da takardar gargaɗi, gida yana nan. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ni na rubuta shi da hannuna: cikin kwana uku tsohon ya bar gidan ma'aikata, kada a sake ganinsa kusa da layi. Suka kama jirginsu na ƙarfe huɗu.

Sannu-Sannu ya jefar da karansa a kwata. Da zai wuce, mai geti ya ce masa, "Da ka bar ni." Sannu-Sannu ya nufi tashar mota da tafiyar nan tasa.

*

Asabar da safe shugaban tasha ya aike ni in shaida tafiyar, don a rufe fayil. Babban ɗan tsohon ne zai karɓe shi, a wani gari can bayan duwatsu, tafiyar awa shida a mota. Mai geti ya ɗaure akwati a saman motar, ya sake ɗaurewa, ya sake dubawa, duk don kada ya juyo. Tun Laraba, in ji maƙwabta, shi da matarsa ba su yi wata doguwar magana ba.

Ita ta zaunar da mahaifinta kusa da taga, ta ɗora masa ledar magungunansa a cinya, ta gaya wa direba wanda ake sha da rana. Tsohon yana cikin fara'a. Ya leƙo ya ce da ni, "Magatakarda, ka ji an yi mini canjin wurin aiki?"

Na ce na ji, Allah ya sa alheri.

Ya juya wurin 'yarsa. "Auta, layin can, siriri ne ko irin wannan?"

Mai geti ya buɗe baki, na ga ƙaryar da yake shirin yi, kuma da ni ne ma ita zan yi. Matar ta riga shi.

"Babu layi a can, Baba."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, fara'ar tana sauka a hankali.

"To me zan je yi?"

Direba ya leƙo ya tambaya ko kowa ya shiga, ya tada mota. Matar ta bi motar taku uku ko huɗu riƙe da ƙarfen taga, sannan ta saki.